Kafi-Littafi da Allura Mai Rawa

A masana'antar sabulun ruwa da ke ƙarshen layin masu walda babu wanda bai san Kafi-Littafi ba, amma in shi ka tambaya, babu wanda ya san darajarsa. Shi ne mai gyaran lantarkin wurin. Sunan ya samo asali ne ranar da aka kawo sabon inji da littafinsa mai kauri. Ya ɗauki littafin, ya jinjina shi a tafin hannu, ya tura shi ƙarƙashin ƙafar teburinsa mai ɗingishi, ya ce duk abin da ke ciki yana kansa, har da ƙari. Waɗanda suka laƙaba masa sunan da tsiya suka yi. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, ya kai wa tela aka ɗinka masa a kan aljihun rigar aiki.

To, a ce mutum irin wannan, mai gashin baki da ake tajewa da ɗan mataji na musamman, wurin zamansa wani lungu ne a bayan akwatin wayoyi, inda zafin inji ke dafa mutum da ransa? Wannan ai zalunci ne tsagwaronsa. Da zafi ya yi zafi, sai ya samo wata 'yar fanka a wurin direban babbar mota, irin mai juya kai hagu da dama. Ya leƙa cikin akwatin, ya ga wasu wayoyi biyu masu wuta daidai cikinta, ya maƙala. Fankar ta kwana biyu a duniya. In ta kai ƙarshen juyi sai ta cije, ta yi ƙugi, sannan ta juyo. Kullum in zai tashi aiki sai ya cire abarsa ya kulle a durowa, don bai yarda da kowa ba.

A tsakiyar masana'antar akwai ƙaton tanki inda ake tara sabulu kafin a ɗura a kwalabe. A samansa akwai na'urar awo, wadda ke aiko da ɗan siririn lantarki ta waya zuwa wannan akwatin, ya zagaya ya koma. Yawan lantarkin shi ne saƙon, kuma allurar agogon da ke fuskar akwatin ce ke nuna shi. In ta nuna huɗu, tanki wayam. In ta nuna ashirin, ya cika maƙil. An umarci ƙwaƙwalwar akwatin ta riƙe shi a sha biyu. In allura ta yi ƙasa sai ta buɗe bawul sabulu ya shigo, in ta haura sai ta rufe.

A makon da zafin nan ya tsananta, allura ta kama rawa. Ta yi hagu, ta yi dama, bawul na biye da ita yana buɗewa yana rufewa, fiiit, ƙwas, fiiit, ƙwas, kamar mai mura.

Manaja ya sauko yana share gumi, ya tsaya gaban agogon.

"Kafi-Littafi, ƙarshen mako masu otal-otal za su zo duba wurin nan kafin su yarda su riƙa sayen sabulunmu. Da injiniyarsu za su zo. Ba na so su tarar da wannan abin yana girgiza kamar mai zazzaɓi."

"Ranka ya daɗe, wannan har aiki ne? Da ido ɗaya zan gyara shi, ɗayan ina barci."

"Ka san ɗan ofishin nan mai na'urar sanyaya ɗaki, wanda tsohon injiniya ya bari? In allurar nan ta tsaya kafin baƙi su zo, mabuɗin naka ne. In ba ta tsaya ba, zan ba ka tsani da kwandon ƙwan fitila, ka riƙa bin ɗakuna kana canzawa, in nemo wani ya zauna a nan."

Kafi-Littafi ya shafa gashin baki. Har ya ji sanyin ofishin a ƙeyarsa.

Mai-Tanki, wani ƙaƙƙarfan mutum da ya shekara yana kula da tankin yana kuma zolayar Kafi-Littafi, ya jira Manaja ya wuce sannan ya matso.

"Mutumina, wani abu na ba ni mamaki. In ka tafi gida, allurar nan kwanciya take kamar jariri ya sha nono. Da ka shigo ka zauna, sai ta miƙe. Ko bashi take bin ka?"

"Ba ka san kwarjini ba ke nan. Ko ƙarfe in ya ga gwani sai jikinsa ya ɓaci."

"To ka rage mata kwarjinin mana."

"Kai ka tsaya a kumfarka. Wannan magana ta fi ƙarfin mai juya ludayi."

Ya naɗe hannun riga. Ya ce ciwon allurar rawar kai ce kawai, maganinta nauyi. Ya shiga ɗakin tarkace ya fito da wata kwandansa, na'urar tara lantarki mai girman gwangwanin madara, ya ɗaura ta a kan wayar saƙo, ya naɗe da salatif, ya ja da baya ya riƙe ƙugu.

Karkarwar ta tsaya kuwa. Sai dai kwandansar nan ta zama kamar ɗan aike mai tsayawa hira a hanya. Kafin labari ya iso cewa tanki ya yi ƙasa, ya kusa ƙafewa. Kafin a ji cewa ya cika, ya kusa kai baki. Allura ta tashi a hankali daga wannan gefe, ta tafi da isa da ƙasaita har wancan gefe, ta huta, ta juyo.

"Madalla," in ji Mai-Tanki. "Da rawar yara take yi. Yanzu ta koma rawar masu tumbi."

"Ci gaba ke nan, in kana da ido. Ta fara nutsuwa. Ƙwaƙwalwar ce ta yi sanyin jiki, bari in ƙara mata zafin nama."

Ya kama maballin da ke saita yadda ƙwaƙwalwa ke mayar da martani, ya murɗa har ƙarshe. Nan fa ƙwaƙwalwa ta zama mai saurin fushi. Allura ta ɗan karkata kaɗan, sai ta banko bawul gaba ɗaya. Ta ɗan dawo, sai ta maka shi da ƙarfi. Gam! Gam! Bututai suka kama tsalle a jikin bango. Agogon bango ya faɗo. Ma'aikatan ɗura kwalabe suka watse, wata ta bar takalminta ɗaya a baya.

Mai shayin bakin ƙofa ya leƙo da kofi a hannu.

"Lafiya? Kofunana na tafiya da kansu a kan tebur. Ɗaya har ya sauka ya kama hanya."

"Gwaji muke yi, malam. Koma ka tare su."

Manaja ya sauko da gudu daidai lokacin da wata mahaɗar bututu ta gaji, ta tsarto masa sabulu tun daga gwiwa har takalmi.

"Wannan shi ne gyaran da ido ɗaya?"

"Ranka ya daɗe, ciwo ne ke fita. In ka ga inji na ihu, magani ya kama shi."

Manaja ya dubi wandonsa, ya dubi tsanin da ke jingine a bango. Kallon tsanin nan ya fi zagi ciwo.

Washegari Kafi-Littafi ya mayar da maballin inda yake, ya zo da sabuwar dabara. Ya ce baƙuwar wuta ce ke kutsowa cikin wayar, dole a zubar da ita a ƙasa. Wayar saƙon tana da rigar ƙarfe wadda aka ɗaure da ƙasa a gefe ɗaya kawai, kuma da gangan aka yi hakan. Shi kuwa ya ce rowa ce. Ya ɗaure ɗaya gefen ma a jikin ginshiƙin ƙarfen da suka yi tarayya da shagon masu walda. Daga nan allura ta samu sabon makaɗi. Duk lokacin da mai walda ya ɗosa wuta a ƙarfe, sai ta yi tsalle ta bugi ashirin.

Kafi-Littafi ya ce ya kama ɓarawo. Ya zagaya shagon da sukundireba a hannu.

"Ku ne kuke shigo mini cikin waya!"

Babban mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dube shi sama da ƙasa.

"Mu da ko ƙofarku ba ma shiga sai in ruwan sha ya ƙare mana? Ta wace kafa muka shiga waya?"

"Ta ƙasa!"

"Kun ji, jama'a. Ashe mun zama gara. Malam, shekara nawa muna walda a nan allurarka ba ta san da mu ba? Wa ya haɗa mu zumunci yau?"

"Zan kai ƙara."

"Ka biya ta wurin mai shayi, shi ma yana neman wanda zai kai ƙara kan kofunansa."

Ya dawo yana huci, ya kwance ɗaurin a ɓoye, ya zauna a lungunsa ya ƙara wa fanka gudu don ya huce. Allura ta ƙara himma.

A gida ma ba a bar shi ya sarara ba. Tun ranar farko ya shaida wa matarsa cewa an ba shi ofis, bai ga amfanin ambaton sharaɗi ba. Ita kuwa ta shaida wa maƙwabta.

"Maigida, gobe zan zo da yayata mu ga ofishin. Ta ce ba za ta yarda ba sai ta ji sanyin a jikinta."

"Gobe akwai manyan baƙi."

"Ai shi ya sa. Su ma su ga matar injiniya. Amma don Allah, ofishin nan ba kai za ka haɗa wayarsa ba ko?"

"Me kike nufi?"

"Ba komai. Fitilar ɗakin girki ce na tuna. Tun da ka gyara ta, in na kunna ta rediyo ke magana."

"Kin samu abu biyu a makunni ɗaya, maimakon godiya."

"Na gode. Sai dai labarai ba sa haska tukunya."

Ranar baƙi ya riga kowa isowa. Ya kunna fankarsa, ya tsaya gaban agogo, allura na yi masa gwalo hagu da dama. Ya dubi tsani. Ya dubi ƙofar ofis mai sanyi. Sai wata dabara ta faɗo masa, irin wadda ba ta zuwa wa ƙananan mutane. Manaja dai cewa ya yi allura ta tsaya. Bai ce komai game da tanki ba.

A durowarsa akwai ɗan akwatin gwaji mai batir, wanda ke ba da duk yawan lantarkin da ka saita masa. Ya cire kwandansa, ya cire wayar da ke zuwa daga na'urar awo, ya maƙala akwatin gwajin a madadinta. Ya murɗa, allura ta hau sha biyu ta tsaya cak. Ya yi murmushi, sai kuma ya yi tunani. Sha biyu cif, ba ƙari ba ragi? Ai injiniyar baƙi za ta ce an shirya. Gwani ba ya barin sawu. Ya rage kaɗan, ya ajiye ta a sha ɗaya, ya rufe akwati.

Ƙwaƙwalwa ta duba, ta ga saura ƙiris tanki ya kai rabi. Ta buɗe bawul kaɗan. Ta sake dubawa, sha ɗaya. Ta ƙara buɗewa. Haka ta yi ta ƙarawa cikin ladabi, ba gam ba ƙwas, har bawul ya wangame.

Mai-Tanki ya iso ya tsaya baki buɗe.

"Kai! Me ka ba ta?"

"Tarbiyya."

Manaja ya sauko, ya ƙura wa allura ido, ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. Ko gezau. Ya zaro mabuɗin ofis ya nuna masa, ya mayar aljihu.

"Baƙi na tafiya, naka ne."

Baƙi suka iso da hantsi, wani dattijo mai sanda da injiniyarsu, wata mata mai tabarau da ba ta cika magana ba. A bayansu sai ga matar Kafi-Littafi da yayarta, sun sha ado, sun tsaya bakin ƙofa kusa da mai shayi. Kafi-Littafi ya taje gashin baki, ya juya wa tanki baya, ya fuskanci jama'a.

"Yallaɓai, Hajiya, ku dubi allurar nan. Kwanan baya rawa take kamar an saka mata kiɗa. Wasu sun ce a nemo Bature, wasu sun ce a sayo sabon inji. Na ce a ba ni wuri. Shi lantarki kamar doki ne, yana gane wanda ya hau shi."

Mai-Tanki ya ja shi ta gefen riga.

"Mutumina, tankin nan nishi yake yi."

"Ƙoshi ne. Kada ka katse ni gaban baƙi."

Injiniyar ta ce, "Kwalabe na ta ɗaukar sabulu, amma allura ko motsi? Ban taɓa ganin haka ba."

"Ba ki taɓa ganin aikina ba ne, Hajiya."

Wani farin abu ya sauko a hankali ya zauna a kafaɗar dattijon. Wani ya sauka a kan hular Manaja. Kowa ya ɗaga kai, ban da mai jawabi. Kumfa ce ta tudo daga bakin tanki, ta yi rawani, ta fara gangarowa ta kowane gefe, sabulu na bin ta a baya.

"Ya cika!" in ji Mai-Tanki da ƙarfi. "Tanki ya cika yana zuba!"

Kafi-Littafi ya waiwaya, ya ga abin da ya gani, ya juyo ya nuna agogo da sukundireba.

"Bai ma kai rabi ba. Ga shi nan, sha ɗaya. Jama'a, da wa za ku yarda, da ilimi ko da idonku?"

Kumfa ta kai masa gwiwa yana faɗin haka. Manaja ya zabura zai rufe bawul, santsi ya kwashe shi, ya tafi a zaune har gindin tsani. Dattijo ya dafa sanda, sanda ta tafi ta bar shi, Mai-Tanki ya cafe shi kamar buhu. Ma'aikata suka ɗauko tiyo don su kore sabulun da ruwa, sai kumfa ta ninka kanta, ta cika ɗakin, ta fita ta ƙofa ta kama layi.

Kafin a ce me, layin masu walda ya zama wurin wanki. Mai shayi ya zuba kofunansa duka a ciki. Masu walda suka tuɓe rigunan aikin da ba su ga ruwa ba tun bara. Matan unguwa suka fito da bokitai. Babban mai walda ya leƙo, kumfa har gemu.

"Injiniya! Yau kai ne ka shigo mana ta ƙasa. Mun yafe, a ƙaro!"

Yayar matar Kafi-Littafi ta tattare zani tana cewa, "Ƙanwata, sanyin ke nan? Lallai ya ratsa ni har ƙafa."

Injiniyar ce ta cire takalmi, ta ratsa kumfa ta rufe bawul na hannu. Aka rage tankin. Ta buɗe akwatin wayoyi, ta zaro ɗan akwatin gwaji ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, ta mayar da wayar awo wurinta. Allura ta farka, ta kama tsohuwar rawarta.

Injiniyar ta tsaya tana kallo. Sai ta ji ƙugi daga lungu. Ta leƙa, ta ga 'yar fanka na juya kai. Fanka ta kai hagu ta cije, allura ta faɗi. Ta saki, allura ta tashi. Ta kai dama ta cije, allura ta sake faɗi. Jama'a duka suka shiga juya kai tare da su, har dattijo.

"Fankar wa ce wannan?"

Mai-Tanki ya yi tari, ya nuna sunan da ke ɗinke a aljihun mutuminsa.

"A kan wutar na'urar awo ka ɗora ta," in ji ta. "Duk sanda ta cije sai ta janye wutar, saƙo ya faɗi." Ta fizge wayar fanka. Allura ta ɗan yi lilo, ta je sha biyu ta kwanta. Ta mayar, rawa ta dawo. Ta sake cirewa.

Matar Kafi-Littafi ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Kafi-Littafi ya share kumfa daga gashin baki, ya gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, a yi adalci. In da ban sa fankar ba, me za ta cire har allura ta tsaya? Rabin gyaran nan nawa ne."

Dattijo ya yi dariya har sai da aka riƙe shi. Ya ce aƙalla ya ga sabulun na kumfa, za su saya. Kafi-Littafi ya buɗe baki zai karɓi wannan ma, Manaja ya miƙo masa tsani.

Haka aka yi wa gwani. Aka ba shi kwandon ƙwan fitila, aka ƙwace fanka. Ofis mai sanyi kuwa Manaja ne ya koma ciki da kansa, wai nasa ya jiƙe.

Ba a daɗe ba ƙwan fitilar ofishin ya mutu, aka kira mai tsani. Ya shiga, sanyi ya buge shi, ya lumshe ido a kan tsani. Ya ɗaura sabon ƙwai, sai dai bai ƙarasa murɗa shi ba. Washegari fitila ta kama ƙyaftawa, aka sake kiransa. Rana ta uku ma haka. Yanzu duk tsakar rana, lokacin da zafi ke dafa mutane, za ka same shi zaune a saman tsani a ofishin Manaja, testar gwajin wuta a hannu, ya ƙura wa ƙwai ido.

"Kafi-Littafi, wai yaushe fitilar nan za ta daina rawa?"

"Ranka ya daɗe, ka ga dai abin da gaggawa ta jawo mana a tanki. Wannan sai an bi ta a hankali. Ɗan ƙara mana sanyin, zafi na hana ni jin ciwonta."